Jini Ɗaya, Masu Nema Biyu: Yadda Jiki Yake Daidaita Kansa Lokacin Aiki Mai Ƙarfi

Ka zauna ka huta, ka sa yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugun jijiya har minti ɗaya. Ga babban mutum mai lafiya yakan kama daga 60 zuwa 100. To, tashi ka yi faskare, ko daka, ko jan ruwa a rijiya, na minti biyar ba tsayawa, sa'an nan ka sake ƙirgawa. Za ka ga bugun ya hau, numfashi ya ƙaru, goshi ya fara naso. Amma da za a auna zafin cikin jikinka a lokacin, za a tarar bai yi nisa da digiri 37 ba, wato inda yake kafin ka tashi. Sukarin da ke cikin jininka ma yana nan kusa da inda yake. Abubuwan da kake ji sun canja ne domin su tsare waɗanda ba ka ji, kada su canja.

Wani masani ɗan Faransa, Claude Bernard, shi ya nuna a ƙarni na 19 cewa sassan jikinmu suna zaune ne cikin wani ruwa na ciki, wato jini da ruwan da ke kewaye da nama, kuma rai ya dogara ga wannan ruwa ya zauna yadda yake. A shekarar 1926 wani ɗan Amurka, Walter Cannon, ya raɗa wa abin suna homiyostasis. Mu a wannan darasi za mu ce da shi daidaiton jiki.

Yadda yake aiki ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa zama kusa da murhu. Mai girki tana duban tukunya. In ta ga tana neman yin bori sai ta janye itace, in wuta ta yi ƙasa sai ta iza. Ido ya gani, hankali ya yanke, hannu ya aikata. Da tukunya ta lafa kuma sai ta daina janyewa, don kada wutar ta mutu. Haka jiki yake. Akwai masu ji a fata, da cikin jijiyoyin jini, da cikin ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ta karɓi labari ta ba da umarni. Zuciya, da huhu, da fata, da ƙoda, da hanta su aikata. In abu ya koma wurinsa, umarnin ya tsaya. Allah ya shirya wannan duka yana tafiya ko kana barci, ba sai ka tuna da shi ba.

Abin da tsoka take nema

Tsoka mai aiki kamar murhu ce. Tana ƙona abinci, tana bukatar iskar oksijin don ƙonawar, tana fitar da iskar kabon da zafi. Jini ne yake kawo na farkon, shi ne kuma yake kwashe na biyun.

Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. In yana hutawa, zuciya takan juya wannan lita 5 sau ɗaya a minti. In saurayi mai lafiya yana aiki iyakar ƙarfinsa, zuciya takan tura lita 20 ko fiye a minti ɗaya. Jinin bai ƙaru ba, zagayensa ne ya yi sauri. Ban da haka, jiki yakan sake rabo. Lokacin hutawa tsoka takan sami wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya take turawa. Lokacin aiki mai tsanani takan sami kashi huɗu cikin biyar. Daga ina aka samo? An rage wa hanji da ƙoda. Shi ya sa in ka cika ciki da tuwo ka shiga filin ƙwallo nan take, ciki yakan murɗa.

Numfashi yana bin sawu. Yawancin mutane suna tsammani rashin oksijin ne yake sa mu ja numfashi. A zaman yau da kullum, abin da ƙwaƙwalwa ta fi tsarewa shi ne iskar kabon, domin in ta taru jini yakan yi tsami, jini kuwa ba ya jure tsami sai kaɗan ƙwarai. Huhu yakan ƙara aikinsa daidai da yadda tsoka take ƙara fitar da kabon, har ma a matsakaicin aiki da ƙyar za a ga bambanci a jinin. Wani abin sha'awa kuma, jiki ba ya jira sai ɓarna ta auku. Ɗan kokawa yana tsaye a bakin fili ana kiɗa, ba a ko kama ba, zuciyarsa ta riga ta fara sauri. Ƙwaƙwalwa ta san abin da ke tafe, ta aika saƙo tun da wuri.

Gumi

Cikin kashi huɗu ko biyar na ƙarfin abincin da tsoka ta ƙona, kashi ɗaya ne kaɗai yake zama aiki, wato ɗaga fartanya ko tura amalanke. Sauran duk zafi ne. Da babu hanyar fitar da shi, mai aiki tuƙuru zafin jikinsa zai riƙa hawa digiri ɗaya kowane minti biyar zuwa goma. Daga 37 zuwa 40 digiri uku ne kawai, a 40 kuwa haɗari ya fara. Ka lissafa da kanka.

Mai tsaron zafin jiki wani ɗan ƙaramin wuri ne a gindin ƙwaƙwalwa. Da ya ji jini ya ɗumama, sai ya yi abu biyu. Ya buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata domin jini mai zafi ya fito kusa da waje, ya kuma sa a fara gumi.

In iska tana da sanyi, kamar da asuba a kan tudun Ngaundere, zafi yakan fita daga fata kai tsaye. Amma zafin fatar mutum bai cika wuce digiri 35 ba. In iskar waje ta fi haka, kamar yadda take a Garwa da Marwa cikin watan Maris da Afrilu inda rana takan kai digiri 40 har ta wuce, to iska ba ta karɓar zafi daga jiki, ƙara masa ma take yi. A irin wannan lokaci hanya ɗaya ce ta rage, wato gumi.

Ka tuna da randa. Ruwan randar ƙasa ya fi na bokitin roba sanyi, domin randa tana naso, iska tana busar da nason, bushewar kuwa tana tafiya da zafi. Fata haka take. Gumin da ya bushe a kan fata shi ne yake sanyaya jiki. Wanda ya ɗiga ƙasa, ko wanda ka share da tsumma, ruwa ne ya tafi a banza. Saboda haka ranar da hadari ya haɗu bai zubo ba, iska ta yi nauyi da laima, ta fi ranar busasshen zafi haɗari ga mai aiki, ko da ma'auni ya nuna zafinta bai kai ba. Gumi yana kwarara amma ba ya bushewa. Riga mai kauri, da ta leda da ba ta shan iska, su ma haka suke yi wa jiki. Lokacin hunturu kuwa yaudarar daban ce: gumi yana bushewa tun kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa ba.

Mai aiki mai ƙarfi a rana yakan yi gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa ɗaya. Wannan ruwa daga jikinsa yake fita, wani ɓangare daga cikin jinin kansa, kuma yana tafiya da gishiri. Farin da kake gani a bayan rigar ɗan dako in ta bushe, gishirin jikinsa ne.

Inda rigimar take

Nan ne zuciyar darasinmu. Tsoka tana neman jini domin ta yi aiki. Fata tana neman jini domin ta fitar da zafi. Jinin kuwa ɗaya ne, ga shi kuma gumi yana rage shi kowace awa. Kamar gidan da ake ciyar da baki biyu daga rumbu ɗaya, rumbun kuma yana yoyo.

Da farko zuciya takan rufe giɓin. Jinin da take turawa a kowane bugu ya ragu, sai ta ƙara yawan bugun. Shi ya sa manomi yakan ji zuciyarsa ta fi sauri da hantsi bisa yadda take da safe, alhali kuwa huɗar ɗaya ce. Ƙwaƙwalwa kuma takan aika wa ƙoda saƙo ta riƙe ruwa, sai fitsari ya ragu ya yi duhu. Takan kuma ta da ƙishirwa. Sai dai ƙishirwa takan makara, mai aiki kuma yakan danne ta don ya ƙarasa kunya. Mutum mai nauyin kilo 60, in ya rasa ruwa lita ɗaya da ɗan kai, wato kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa ya riga ya fara raguwa.

Zuciya tana da iyaka. A kimance, in ka cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne kusan iyakar bugun da zuciyarka za ta iya yi a minti. In an doshi wannan iyaka, ruwa kuma yana ci gaba da fita, dole jiki ya zaɓa. Yakan zaɓi tsare jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa, sai ya rage na fata. Da an rage na fata, zafi ya rasa ƙofar fita, alhali tsoka tana ci gaba da hura wuta. Daga nan zafin ciki yakan hau da sauri.

Kafin a kai nan jiki yakan yi kira: gajiya mai nauyi, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar tsokar ƙafa ko ta ciki. Gajiya ma tana cikin masu tsaron daidaiton jiki. Ita ce hannun da yake janye itace daga murhu.

A nan zan yi magana a kan tramol. Samari da yawa masu dako, da masu yin bulo, da 'yan ƙwadago a gona suna haɗiyarsa don kada su ji gajiya. Tramol ba ya ƙara wa jini ko ɗigo ɗaya, ba ya sanyaya jiki, ba ya ƙara wa tsoka abinci. Abin da yake yi shi ne ya toshe kunnen mutum daga kiran da jikinsa yake yi masa. Yana kuma iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yi ba. Maigidan da yake ganin yaronsa yana aiki daga safe har la'asar ba hutu yana yabonsa, ya kamata ya tambayi kansa me yaron ya sha. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac su ma a yi hattara da su ranar aikin rana. Ƙoda ta riga tana samun jini kaɗan, su kuma suna ƙara takura ta. Giya tana ƙara fitar da ruwa daga jiki.

In mutum ya faɗi

Iri biyu ne, kuma dole a bambanta su, domin ɗaya hutawa yake so, ɗayan kuwa yana kisa.

Na farko shi ne galabaita. Mutum ya jiƙe da gumi, ba ƙarfi, yana jiri, wataƙila ma ya ɗan suma ya farfaɗo. Amma in ka yi masa magana yana amsawa daidai, ya san inda yake, ya san ka. Ku kai shi inuwa, ku kwantar da shi ku ɗaga ƙafafunsa, ku rage masa tufafi, ku jiƙa jikinsa ku yi masa fifita. Ku ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In babu na fakiti, ku zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi a ruwa mai tsabta lita ɗaya, cokalin a shafe, ba a tsiri ba. Aikin wannan rana ya ƙare gare shi. In bayan rabin awa bai warware ba, ko yana amai ba ya riƙe ruwan, ku kawo shi asibiti.

Na biyu shi ne bugun rana. Alamarsa mafi girma a hankali take. Mutum ya ruɗe, yana surutai, yana tangaɗi kamar mai maye, yana faɗa ba dalili, ko yana jijjiga, ko ya suma bai farfaɗo ba. Jikinsa zafi jau, cikinsa ya haura digiri 40. Kada ku ce ai yana gumi, saboda haka ba bugun rana ba ne. Wanda abin ya kama yana cikin aiki sau da yawa jikinsa a jiƙe yake. A wannan hali ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda suna lalacewa, kuma ɓarnar tana bin yawan mintocin da jiki ya yi cikin zafin. Saboda haka ku fara sanyaya shi nan take, a wurin da ya faɗi, yayin da wani ya tafi neman mota ko babur. Ku tuɓe shi, ku riƙa kwara masa ruwa mafi sanyi da kuke da shi daga wuya har ƙafa, ana fifita da ƙarfi ba tsayawa. In akwai babban baho ku sa jikinsa ciki, wani ya tallabe kansa. In akwai ƙanƙara a zuba cikin ruwan. Ku ci gaba da jiƙa shi a hanya. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki, zai shaƙe. Kada a lulluɓe shi, kada a tsaya turare ko jiƙo.

Farasitamol ba ya maganin wannan. A zazzaɓi, mai tsaron zafin da ke cikin ƙwaƙwalwa shi ne da kansa ya ɗaga ma'auni don yaƙar cuta, maganin kuma yana sauke ma'aunin. A bugun rana ma'aunin yana wurinsa, zafin ne ya fi ƙarfin jiki. Ruwa da iska ne za su fitar da shi. Duk da haka ko ya farfaɗo a kawo shi, domin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sanƙarau su ma suna zuwa da zafin jiki da ruɗewa, sanƙarau kuwa lokacinsa ɗaya da bazara. Sai an gwada za a sani. Haka nan duk wanda ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa, washegari tsokarsa na ciwo sosai, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi ko ya ƙi fita, ya zo a duba ƙodarsa ran nan.

Akwai wata sumar mai sauƙi da akan gani a ƙarshen tsere. Tsokar ƙafa in tana motsi tana matsa jijiyoyi, tana taimakon jini ya koma zuciya. In mai gudu ya tsaya cak, jini ya taru a ƙafafu, kai ya rasa, sai ya zube. Maganinta shi ne bayan gudu a ci gaba da tafiya a hankali na ɗan lokaci.

Sukari

Duk sukarin da ke yawo cikin jinin babban mutum bai wuce cikin cokalin shayi ɗaya ba, wajen giram 4 zuwa 5. Wannan shi ne kimanin giram 1 a lita da kuke gani a takardar gwaji. Tsoka mai aiki za ta iya cinye shi cikin mintoci kaɗan, ƙwaƙwalwa kuwa da shi take rayuwa. Abin da ya sa ba ya ƙarewa shi ne hanta tana da ajiya, wajen giram 100. Da aiki ya fara, sinadarin insulin mai sauke sukari yakan ragu, masu sa hanta ta saki ajiyarta su ƙaru, jiki kuma ya ƙara ƙona kitse. Ga mai lafiya wannan ya wadatar, muddin ya karya kumallo.

Mai ciwon sukari da yake yin allurar insulin, ko yake shan ƙwaya irin glibenclamide, shi lamarinsa daban ne. Maganin da ya riga ya shiga jiki ba ya jin umarnin ƙwaƙwalwa, ba zai ragu don an fara noma ba. Sukari zai iya faɗuwa, da rawar jiki, da gumi mai sanyi, da yunwa, da ruɗewa. Motsa jiki yana da amfani ƙwarai gare shi, kada ya bari. Amma ya ci abinci kafin ya fita, ya riƙe sukari ko dabino a aljihu, abokan aikinsa kuma su san halin da yake ciki.

Jiki yana koyo

Wanda ya yi mako ɗaya zuwa biyu yana aiki cikin zafi, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, jikinsa yakan sabu. Ruwan jininsa ya ƙaru, gumi ya riƙa zuwa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita cikinsa ya ragu, zuciya ta yi aikin da bugu kaɗan. Rumbun ya ƙara girma ke nan. Amma sabon yana gushewa in an yi makonni ba a aiki a rana. Ɗan makaranta da ya dawo hutu aka ba shi fartanya, da wanda ya sauko daga sanyin Ngaundere zuwa kwarin Binuwai cikin bazara, da wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ko gudawa ba, kada a gwada su da wanda ya shekara a gona. Kwanakin farko su ne masu haɗari. Ba ragwanci ba ne in sun nemi inuwa kafin kowa. Tsofaffi, da mata masu ciki, da masu ƙiba, da masu sikila, da masu ciwon zuciya ko masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari, su ma iyakarsu tana kusa.

Wanda ya sabu ɗin ma yana bukatar ruwa fiye da dā, tun da guminsa ya ƙaru. Maganar cewa jarumi ba ya shan ruwa a gona, ko shan ruwa yana kashe jiki, ba ta da tushe. Ka sha kafin ka fita. A wurin aiki ka riƙa shan kofi ɗaya kowane minti 15 zuwa 20, ya fi ka jira ka kwankwaɗi lita biyu a tashi ɗaya. Fitsarinka shi ne ma'auninka: in fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, ka wadatu, in ya yi duhu, ka ƙara. In aikin na yini ne, ruwa kaɗai bai isa ba, sai da abinci mai ɗan gishiri, ko kunu, ko fura da nono, domin wanda ya yi ta shan ruwa zalla da yawa yana gumi awa da awa ba ya cin komai, gishirin jininsa yana iya tsinkewa, wannan ma yana ruɗa mutum.

Masu azumi ba su da damar sha da rana, don haka sai a gyara ta wajen aiki. A yi mai nauyin da sassafe, a bar tsakar rana, a rarraba shan ruwa tsakanin buɗa baki da sahur maimakon a haɗa shi lokaci ɗaya. Mai ciwon sukari, ko ƙoda, ko sikila, ya zo mu duba shi mu daidaita magungunansa tun kafin watan ya kama, ya kuma ji ta bakin malaminsa a kan sauƙin da aka yi wa marar lafiya.

Wanda bugun rana ya taɓa kamawa, jikinsa yakan daɗe bai koma jure zafi kamar dā ba. Ko ya ji garau, kada ya koma aiki mai ƙarfi sai bayan mako ɗaya aƙalla, kuma sai likita ya sake duba shi ya yarda. In zai koma, ya fara da awa ɗaya da sanyin safiya, ya riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu, kuma kada ya tafi gona shi kaɗai.